Dayis ba ya tuna jifan baya

Autarmu tana SS3, WAEC ta ƙarato, kuma duk cikin lissafi ba abin da ta tsana kamar furobabiliti, wato lissafin yiwuwar faruwar abu. Ranar Asabar da daddare an ɗauke wuta muna tsakar gida ta zo da littafinta tana haska shi da tocilan ɗin waya, wai Yaya don Allah duba min, sau uku ina yi amsar ba ta fita.

Tambayar irin wadda aka saba ce. Jaka ce da ƙwallo 8, ja 5 shuɗi 3, a ciro biyu ɗaya bayan ɗaya ba tare da an mayar da na farkon ba, mene ne yiwuwar duka biyun su zama ja. Ita ta rubuta 5/8 sau 5/8. Na ce auta, ƙwallon da kika ciro da fari yana ina yanzu? Ta ce yana hannuna mana. Na ce to ya aka yi har yanzu kike lissafa shi a cikin jakar? Saura ƙwallo 7, ja 4 ne a ciki, kenan 5/8 sau 4/7, ya ba ki 20/56, ki rage shi ya koma 5/14. Ta yi tsaki ta ce ashe abin kenan. Ni ma lokacin ina sakandare haddar fomula kawai na yi, abin da kake nema a sama, jimillar duk abin da zai iya fitowa a ƙasa, ban taɓa zama na ga jakar a idona ba, shi ya sa na sha jan biro.

Daga nan na sa ta ɗauko lido, don ni a ganina ba allon da ya kai shi koyar da wannan darasi. Dayis fuska shida gare shi, yiwuwar shida ta fito 1/6 ce a kowane jifa. Muka fara wasa da dayis ɗaya, ta jefa sau biyar ba shida, 'ya'yanta duk suna gida, sai cewa ta yi ai wannan karon dole ta zo tunda ɗaya cikin shida ne kuma biyar sun wuce. Ta jefa, biyu ta fito, wallahi har da hawaye na yi don dariya. Jaka ce take canzawa idan an ciri ƙwallo, shi dayis ba abin da ya ragu a jikinsa, yadda yake a jifan farko haka yake a na shida. Muka buga a kalkuleta, 5/6 sau kanta har sau shida ya ba mu kusan kashi 33 cikin 100, ma'ana a jefa sau shida a jere ba a ga shida ba abu ne da ke faruwa kusan sau ɗaya cikin uku, ba wani ne ya yi maka asiri ba.

Abin ma daga teburin caca ya taso, a 1654 wasu masana lissafi biyu na Faransa, Pascal da Fermat, suka yi ta musayar wasiƙu kan yadda za a raba kuɗin wasan da aka katse kafin a gama. Umma da ke gefe kan tabarma ta ce a'uzubillahi, yanzu ilimin 'yan caca kuke karantawa.

Sai dai ita Umman ce ta kawo misalin da ya fi na littafin. Ta ce ta ji wata a gidan biki tana cewa su AS ne ita da mijin, wato suna ɗauke da ƙwayar sikila a jini amma ba su da ciwon, ɗansu na fari sikila ne, to ai sun riga sun biya, uku masu zuwa lafiya lau za su fito tunda likita ya ce ɗaya cikin huɗu ne. Jikina ya yi sanyi, don kuskuren auta ne sak, amma nan ba ɗan lido ne zai zauna a gida ba, yaro ne zai kwana asibiti ana ƙara masa jini. Uwa tana ba da A ko S, uba ma haka, hanyoyi huɗu kenan, AA ɗaya, AS biyu, SS wato sikila ɗaya, kuma kowane ciki sabon jifa ne, 1/4 ɗin nan tana nan daram ko da na baya SS ne ko ba SS ba. In irin waɗannan ma'aurata suka haifi huɗu, yiwuwar a ce ba SS ko ɗaya 3/4 ce sau kanta sau huɗu, 81/256, wajen kashi 32 cikin 100 kacal. Umma ta ce Allah ne dai mai yi, na ce ƙwarai Umma, kuma Shi ya ba mu hankalin zuwa gwajin jini kafin a kai ga sa rana.

Auta ta yi shiru tana zana ɗan akwatin AS da AS a bayan littafi, can ta ɗago ta ce Yaya ni meye nawa ma? Ba wanda ya sani a gidan, har Umma. Ranar Litinin in ta taso daga makaranta zan kai ta a duba.