Shanun Dutsen Habude ba su da tozo

A shekarata ta biyu da fara koyarwa a wata firamare kusa da Birnin Kudu na kai 'yan aji shida Dutsen Habude. Na yi shiri sosai. Na haddace cewa a shekarun 1950 ne Bernard Fagg, Baturen da ke kula da kayan tarihi a lokacin, ya rubuta bayanin zanen shanun da ke jikin duwatsun garin, har da na Dutsen Mesa da Dutsen Murufu. Na tsaya gaban yara na ce shi ya gano su.

Dattijon da ya yi mana rakiya bai tanka ba sai da na gama. Sannan ya ce, "Malam, shi Baturen, wa ya nuna masa hanya?"

Tambayar nan ta daɗe tana yi mini yawo a zuciya. Ashe ina koya wa yara cewa abin da ke bayan gonar kakansu na baƙi ne. To wanda aka gaya wa abu ba nasa ba ne, don me zai hana ƙaninsa rubuta suna da gawayi a kansa?

Ranar ba ni na koyar ba. Wata yarinya 'yar rugar Fulani ta ƙura wa zanen ido, ta ce, "Malam, ai waɗannan ba su da tozo." Gaskiyarta. Ga ƙaho dogaye, amma bayan a shafe yake, ba irin bunaji da rahaji da take kora ba. Wato masu zanen sun yi zamani da wasu shanun daban, kafin masu tozo su cika ƙasar nan. Na karanta haka a takarda, amma ita a ido ta gani, cikin ɗan lokaci. Shi kuma Baba ya ɗauki ɗan dutse ya ƙwanƙwasa wani falale, sai ga amo kamar an buga kuge. Ya nuna mana ramukan da bugu ya bari, sumul, aikin hannuwan da babu mai iya ƙirgawa. Yara suka yi tsit, sannan kowa ya nemi a ba shi ya gwada.

Ba kowa ya ji daɗi ba. Wasu iyayen sun ce wurin iskoki ne, wasu suna tsoron kada a kai yara ga abin da bai dace da addini ba. Ban raina damuwarsu ba. Kuskurena shi ne ban fara zuwa wurin mai unguwa da liman ba. Da shekara ta zagayo can na fara sallama, liman kuwa ya haɗa mu da ɗansa.

Yanzu idan mun je, Baba ke fara magana, ni ina daga baya riƙe da butar ruwa. Bara wani yaro ya same ni a ofis yana haki, ya ce ya ga masu fasa dutse sun matso kusa da "dutsenmu", in zo mu je wurin mai unguwa.