Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Gafakar Tsohuwar Genadendal

A makon jiya na tsaya a kan saukarmu Cape Town a 2009, lokacin da aka tura mu kwas na malaman makaranta. Watannin kwas ɗin sun shige ban riƙe abu mai yawa daga cikinsu ba, amma Asabar ɗin da aka ɗebe mu a mota zuwa Genadendal, tafiyar kusan awa biyu gabas da birnin, tana nan a raina har yau, kuma dalilin haka shi ne Kawu.

Masu bin labarin nan sun san cewa ko sadakar arba'in ɗin Malam, kakana, ba a yi ba Kawu ya buɗe ɗakin soro, ya kwashe littattafan da Malam ya rubuta da hannunsa, ya sayar wa wani baƙo. Da Inna ta yi masa magana tana kuka, sai ya ce mata, "Yaya, kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba." Ina ɗan shekara goma sha biyu na ji wannan magana, kuma ban taɓa yarda da ita ba.

Genadendal ƙaramin gari ne a gindin duwatsu, mai gidaje farare da rufin ciyawa. Wanda ya kafa shi, Georg Schmidt, ɗan ɗariƙar Kiristocin Morabiya ne, mutanen da suka yi hijira daga ƙasar Cak ta yanzu suka gina garin Herrnhut a Jamus a 1722. Ya zauna a wannan kwari a 1738 tare da mutanen Khoi, makiyayan da Turawan Holan suka raba da filayensu, yana koya musu karatu da noman lambu. Da ya yi wa biyar daga cikinsu baftisma, limaman cocin Holan suka ce ba shi da izini, ala tilas ya koma Turai a 1744.

Sai a 1792 wasu mutum uku na ɗariƙar suka dawo. Suka tarar da wata tsohuwa, Magdalena, ɗaya daga cikin biyar ɗin nan, idonta ya yi rauni ƙwarai. Ta ɗauko musu littafin Sabon Alkawari na harshen Holanci da Schmidt ya ba ta, a naɗe cikin fatar tunkiya, a cikin jakar fata wadda mu za mu kira gafaka. Shekara 48 tana riƙe da shi, tana tara mutane a ƙarƙashin itacen da malaminta ya shuka ana karantawa.

Na ga littafin da idona a gidan tarihin garin. Ƙarami ne, takardunsa sun yi ja saboda tsufa. Ni Musulmi ne, jikan alaramma, abin da ke cikinsa ba addinina ba ne, amma na tsaya a gabansa har abokan tafiya suka wuce suka bar ni, domin abin da nake gani shi ne gafakar Malam mai jan zare, wadda nake ɗaukar masa zuwa zaure kullum da asuba. Matar da ba ta da gona, ba ta da ɗakin soro, ta tsare amanar takarda kusan rabin ƙarni, mu kuwa da gidanmu da danginmu muka kasa tsare ta kwana arba'in. Kawu ya ce a manta da bara, ga gari guda yana cin albarkar bararsa.

Mai yi mana jagora ya nuna mana injin niƙa mai aiki da ruwa, da tsohuwar na'urar buga littattafai, da wuƙaƙen da maƙeran garin suka yi suna da su. Ya ce a nan aka buɗe kwalejin horar da malamai ta farko a Afirka ta Kudu a 1838, shekarar da bayin da aka 'yanta suka yi ta kwararowa garin, kuma hukuma ta rufe ta a 1926. A matsayina na malami wannan ya taɓa ni, haka ma jin cewa Nelson Mandela ya sa wa gidan shugaban ƙasa na Cape Town sunan garin a 1995.

Na yi gaba da labari, amma dole in faɗa a nan: lokacin da Kawu ya kwanta ciwon ajali, shekara huɗu bayan dawowata, na je gaishe shi, ya riƙe hannuna ya ce, "Ɗana, littattafan nan fa." Bai ƙarasa ba, ni ma ban taya shi ba, na dai ce Allah ya ba shi lafiya. Inna ta yafe masa tun da daɗewa. Warƙa uku kacal suka tsira daga rubutun Malam, waɗanda ta ɓoye a ƙasan adakarta, kuma ranar da na dawo daga Afirka ta Kudu na roƙe ta su, na kai wa baduku ya ɗinka musu gafaka.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan ba da labarin neman baƙon da ya sayi sauran.