Kulle layi a rumbun bayanai: kada ya jira mutum

A ɗauki babban shago a Kasuwar Singa: kwamfuta uku, rumbun bayanai ɗaya, saura katan 10 na taliya. Masu karɓar kuɗi biyu suka buɗe layin kayan, wato jeren bayanan taliyar a teburin rumbun, lokaci guda, kowa ya ga 10. Wannan ya sayar da 6 ya rubuta saura 4, wancan ya sayar da 7 ya rubuta saura 3. Manhaja ko tari ba ta yi ba, amma an karɓi kuɗin katan 13, alhali 10 ne a sito.

Sabon mai rubuta manhaja yakan ce to a kulle layin da zarar an buɗe fom. An gudu daga gara an faɗa gidan zago. Ma'aikaci zai buɗe fom, a kira azahar, ya tashi ya bar shi. Sauran su zuba wa allo ido, kwastoma na tsaye. A manhajar rumbun bayanai ta MySQL mai injin ajiya na InnoDB, mai jira yakan yi daƙiƙa 50 kafin kuskure mai lamba 1205 ya fito. A takwararta PostgreSQL kuwa, in ba a saita lock_timeout, wato iyakar lokacin jiran kulle, ba, jiran ba shi da iyaka.

Don rage kaya, ba a ma bukatar karanta adadin tukuna. Umarni ɗaya ya isa: UPDATE kaya SET adadi = adadi - 7 WHERE lamba = 25 AND adadi >= 7. Sai a duba layi nawa umarnin ya taɓa. In sifili ne, kayan bai kai ba, a gaya wa mai sayarwa.

Gyaran da mutum ke ɗaukar lokaci a kai, kamar sauya farashi ko adireshin dila, dabararsa daban. A ƙara wa teburin gurbin lambar zubi, lambar da ke ƙaruwa duk lokacin da aka gyara layin. Wanda ya buɗe fom a zubi na 7, lokacin adanawa sai a sa sharaɗin lambar tana nan 7, a mayar da ita 8. In wani ya riga shi, a nuna masa sabon bayanin kusa da nasa ya zaɓa. Kada a share masa abin da ya rubuta. Share musu rubutu ne ke sa ma'aikata su koma littafi da biro.

Sai cirko-cirko. Rasit ɗaya ya kama shinkafa yana jiran sukari, ɗayan ya kama sukari yana jiran shinkafa. PostgreSQL yakan bincika bayan daƙiƙa 1, ya soke ɗaya da lambar 40P01. MySQL lambarsa 1213. A lura, a SQL Server, manhajar rumbun bayanai ta Microsoft, lamba 1205 ce ke nufin wannan, ba ƙarewar jira ba, kuma tana rikita mutane. Maganinsa a jera kayan rasit bisa lambarsu kafin a fara kullewa, kowa ya bi ta ƙofa ɗaya. Wanda aka soke a sake gwada shi daga BEGIN, wato farkon aikin, ba daga tsakiya ba, kamar sau uku, da ɗan jinkiri mabambanci tsakani.

Abin da aka fi mantawa shi ne fihirisa (index), wadda ke kai rumbun ga layin da ake nema kai tsaye. In gurbin da ke cikin WHERE ba shi da ita, InnoDB zai bi teburin kaf yana kulle duk layin da ya taka, sai sayar da taliya ya tsayar da mai sayar da man gyaɗa. A sa EXPLAIN a gaban umarnin don ganin yadda rumbun zai bi teburin. In ya nuna ALL, wato zai bi teburin kaf, a ƙara fihirisa.