Jirgi mara nauyi ba ya ajiye gudu

Mutanenmu da yawa a nan Legas in suka ga hoton ƙananan jiragen nan da ake ce wa altiralait ko maikurolait, daga bututun alminiyam sai yadi sai kujera ɗaya ko biyu da inji a baya, abin da ke fara fitowa bakinsu shi ne ai wannan wasan yara ne, ko ɗan acaba ka ba wa zai tashi da shi. Ni aikina a hanga ne, wato rumfar gyaran jirage, a Ikeja, manyan jirage muke gyarawa, kuma har abokan aikina da suka san jirgi ciki da bai haka suke kallonsa. Karatun abin na yi shi ne wajen wani dattijo a Agege, tsohon kyaftin da ya fito daga makarantar tuƙin jirgi ta Zariya, wadda aka kafa tun 1964, daga baya na samu na je Afirka ta Kudu na hau da malami don can harkar ta zauna sosai. Kuma gaskiya duk abin da na koyo in ka matse shi magana ɗaya ce: jirgin nan ba ya ajiye gudu, abin da ka ba shi yanzu shi yake ci yanzu.

Don a san girman abin da ake magana, a Amurka akwai dokar da suke kira Part 103 tun 1982. Ta ce jirgin kada ya kai kilo 115 in babu kowa ciki, tankinsa kada ya wuce lita 19, gudunsa kada ya haura kilomita 102 a awa, kuma ya iya riƙe kansa a sama ko da gudunsa ya sauko har kilomita 44 a awa, mutum ɗaya kacal, kuma ba sa neman lasisi. A Turai an daɗe ana amfani da kilo 450 ga mai kujera biyu, duka da mutane da mai. Kada wani ya karanta na Amurka ya ce shi ma zai haɗa nasa a bayan gida a Idi-Araba ya tashi fa, nan sai da izinin NCAA, hukumar da ke kula da harkar jiragen sama a Nijeriya, kuma sararin da ke kewaye da filin Murtala Muhammed ba a shigarsa sai da yardar masu hasumiyar da ke ba jirage izinin tashi da sauka.

To maganar gudu. Tirelar da ta ɗauko kaya daga Apapa in direba ya ɗaga ƙafa daga totur za ta yi ta tafiya da nauyinta, amma keke napep da ya saki totur sai ka ga ya lafa nan take. Haka abin yake a sama. Altiralait nauyi kaɗan, ga wayoyi ga sanduna ga tayoyi a waje ga kai kanka matuƙi iska na dukan ƙirjinka, duk suna ja da baya. Inji na ɗaukewa kana cikin hawa, hanci a sama, cikin daƙiƙu kaɗan gudun ya zube. Wani abin da ya ƙara dagula lissafi, da yawansu injin da farfela suna sama a bayan kai, to turin da farfela ke yi yana danne hanci ƙasa, kai kuma kana ja kana daidaitawa, da injin ya yi shiru wancan dannewar ta tafi sai hanci ya ƙara ɗagawa, daidai lokacin da ba ka so. Kyaftin kullum maganarsa kenan, yana buga tebur: "Ɗana, inji ya yi shiru, hannunka ya riga tunaninka. Hanci ƙasa tukuna, sannan ka yi salati." Na ce ranka ya daɗe ba a haɗa su? Ya ce haɗa, amma hannu ya fara.

Kuma ba a juyowa filin da aka taso in ana ƙasa-ƙasa, gabanka za ka nema ko da gona ce. Dalili yana cikin fiffiken. Abin da turawa ke ce wa sitol, wato fiffike ya daina ɗaukar jirgi, ba gudu ne asalinsa ba, kusurwar da fiffike ke tarar iska ce, in ta wuce wajen digiri 15 iskar da ke bin saman fiffiken sai ta ɓalle ta hargitse. In ka karkata jirgi digiri 60 kana riƙe da tsayinka, fiffiken nauyi ninki biyu yake ɗauka, gudun da zai yi sitol ya ƙaru da kashi 41 cikin ɗari. Wanda a miƙe sai gudunsa ya sauko kilomita 44 a awa zai saki, a wannan kwanar tun a 62 zai sake ka. Mutum ga inji a mace ga gudu na zuba ga shi ya kwantar da jirgi yana so ya koma gida, duk ukun sun haɗu a wuri ɗaya.

Wajen sauka nan ne matuƙan manyan jirage suka fi shan mamaki, malamina na Afirka ta Kudu ya ce ya fi son ɗalibin da bai taɓa tuƙa komai ba a kan wanda ya saba da ƙaramin jirgi irin Cessna. Wanda ya saba yana ɗaga hanci tun da sauran tsayi yana jiran jirgi ya yi ta shawagi a kan ranwe, wato titin sauka, wannan kuwa ba shi da ajiyar da zai yi shawagin, sai ya faɗo tim kamar an sake shi. Gangarowa ake da hanci ƙasa sosai har sai ka ji kamar za ka soki ƙasa, ana riƙe gudu, sai daf da ciyawa ake ɗagowa.

Sai iska. Fiffike ne mai faɗi yana ɗauke da nauyi kaɗan, don haka duk wani motsi na iska a jikinka kake jinsa. Iskar kilomita 20 a awa ba komai ba ce ga jirgin da ke sauka da 250, amma ga wanda ke gangarowa da 70 ta kusa kashi ɗaya cikin uku na gudunsa. Kuma kusa da ƙasa iska na raguwa saboda bishiyoyi da gine-gine, kana gangarowa da iska a fuska sai ka shiga inuwar layin bishiyoyin kwakwa ta ɗauke, gudun da fiffike ke ji ya ragu farat ɗaya. Shi ya sa masu abin sassafe suke tashi ko yamma lis. A Legas da rana ta take ƙasa ta yi zafi iskar teku ke shigowa daga kudu, ga hadarin farkon damina da na ƙarshenta da ke tasowa daga gabas da iska mai ƙarfi a gabansa tun ruwa bai iso ba, ga hazon hunturu daga Disamba zuwa Fabrairu, shi kuwa wannan jirgin da ido ake tuƙa shi. Ga jirage masu saukar ungulu da suka cika garin nan, iskar da suke bari a bayansu ta isa ta kife ka.

Wani abu da ban taɓa kawowa ba sai da Kyaftin ya sa na yi lissafin da biro: muna bakin teku amma jirgi ba haka yake ji ba. Alƙaluman da ke cikin littafin jirgi an gina su ne a kan digiri 15 na zafi a daidai teku, kowane digiri ɗaya da ya ƙaru kamar ka hau ƙafa 120 ne. Ranar da Legas ke 32, kenan fiffike da farfela da inji duk suna ji kamar suna wajen ƙafa 2,000, danshi kuma ya ƙara sirantar da iskar. Sai ka ƙara cin fili kafin ka tashi, hawan ma a hankali. Yanzu ka kai wannan jirgin Jos da ke sama da ƙafa 4,000 da rana tsaka. Danshin nan kuma na iya sa ƙanƙara ta taru a maƙogwaron kafireta ko ana zafi a waje, don iska da fetur in suka ratsa ta wurin zafinsu na iya faɗuwa da digiri 20 ko fi. Mutum na gumi inji na shaƙewa da ƙanƙara, wallahi da farko dariya na yi.

Akwai kuma wani iri mai fiffiken alwatika, wanda ake rataye keken zama a ƙarƙashinsa, shi duniyarsa daban. Asalin fiffiken daga wani injiniyan Amurka ne, Francis Rogallo. Ba shi da jela ba shi da sitiyari, sanda ce a gabanka a kwance ka riƙe da hannu biyu, nauyinka kake matsarwa. Ka tura sandar gaba hanci ya ɗaga, ka jawo ta cikinka jirgi ya ƙara gudu ya yi ƙasa, kana son dama ka tura ta hagu. Komai a juye yake da jirgi mai sanda a tsakanin ƙafafu. Da malamin ya ce na karɓa, abin da na fara ji shi ne sandar na da rai, tana ɗan rawa a tafin hannu tana neman inda take so ta zauna da kanta, in ka damƙe ta da ƙarfi kafaɗunka su gaji cikin minti kaɗan jirgin ma ya yi ta tangal-tangal, in ka sassauta yatsu sai ya nutsu. To a irin wannan, "hanci ƙasa" na Kyaftin jawowa ne ba turawa ba, shi ya sa ba a tsallakawa daga wannan zuwa wancan sai an sake zama da malami.

Ta ɓangaren sana'ata kuwa, yadin Dacron da ake yin fiffiken da shi rana na cin ƙarfinsa ko da ido bai ga komai ba, akwai ɗan ma'auni mai allura da ake gwada shi. Iskar gishiri tana cin kusoshi da wayoyi. Injin Rotax 582 mai bugu biyu yana da kyau amma ba ya yafe gurɓataccen mai, kuma mun san yadda ake samun ruwa a fetur, dole a tace a kuma zuba kaɗan a kwalba a duba kafin a tashi.

Duk da haka a kan cewa inji zai iya mutuwa ake tsara tafiya. In jirginka na cin mita 7 gaba a duk mita 1 da ya sauka, daga tsayin mita 300 abin da kake da shi kilomita 2 ne da 'yan kai, in iska na fuskarka ma bai kai ba. Ka buɗe taswira ka zana da'irar kilomita 2 a kan Mile 12 ko Oshodi ko Obalende ka nemi inda za ka ajiye taya, daga rufin kwano sai wayoyin wuta sai ruwa. Sai ka fita can wajen Epe ko Badagry kafin ka fara ganin fili, shi ma wani koren da kake hangowa daga sama fadama ce.