Godiya ga duk wanda ya sa hannu a tafiyarmu ta Liyon

Assalamu alaikum 'yan uwa. Alhamdu lillahi, mun je Liyon mun dawo lafiya. Babu wanda ya ɓata, babu wanda ya kwanta ciwo, babu kuma wanda ya kwana da yunwa. Wannan na ƙarshen shi ya fi tsaya mana a rai kafin mu tashi daga Paris, don haka a yi mini uzuri idan godiyata ta fi karkata wajen masu ciyar da mu. Ni aka ɗora wa rubuta saƙon a madadin duk waɗanda suka je, ɗalibai 'yan Nijar da 'yan Najeriya da iyalan da suka biyo mu.

Duk wanda ya ɗan zauna a Faransa ya ji ana cewa Liyon ce uwar girki. Abin da ba a cika gaya wa irinmu ba shi ne, yawancin girkin nan a kan alade ya tsaya. Ka shiga ƙananan gidajen abincin da suke kira bouchon, masu teburori a matse da ƙyallen tebur ja da fari, ka duba takardar abinci: tsiran alade, hanjin alade, soyayyen kitsen alade da ake ajiye maka kana ɗan taɓawa kafin abinci ya iso. Har salak ɗin da ke ɗauke da sunan garin, ganye ne da ƙwai, amma an barbaɗe shi da gutsattsarin naman alade. Miyar da ta tsira daga wannan kuma sau da yawa an tsiyaya mata giya. Da mu kaɗai ne, wallahi da a shagon kebab za mu ƙare, mu dawo muna cewa mun ga Liyon.

Saboda haka godiya ta farko, bayan ta Allah, taki ce Inna. Tun kafin mu sayi tikiti kika bar unguwarki ta Guillotière kina bin gidajen abinci da ƙafa, kina shiga har bakin madafa kina tambaya: da wane mai aka soya wannan, romon me aka zuba, akwai giya a ciki? Wasu sun amsa miki da fara'a, wani kuma ya ɗaga kafaɗa ya juya miki baya. Ba ki yi fushi ba, kika ci gaba har kika samu mai girkin da ya yarda ya dafa mana namu a tukunya daban. Inna, ba mu da bakin gode miki. Allah ya saka da alheri, ya raya miki zuri'a, ya kai ki Maraɗi ki ga dangi lafiya.

A gidan nan ne muka ci quenelle. Naman wani kifin ruwan daɗi ne ake niƙawa, a kwaɓa da fulawa da ƙwai da man shanu, a mulmula shi dogo-dogo, a dafa, sannan a sa shi a tanda cikin miya har ya kumbura. Ya zo mana a kwanon ƙasa yana tafasa, samansa ya ɗan ƙone, cokali na taɓa shi yana lotsawa kamar alalen da ya ji ƙwai. Maganar gaskiya, jama'a sun rabu biyu. Wasu sun sharce kwanon da burodi, wasu sun ce abincin mara haƙori ne. Ni dai ina cikin na farko, duk da ban musa cewa yana neman yaji ba. Nan ma sai ga Inna ta zaro ƙullin yajin ƙuli daga jaka, ya zagaya tebur a ɓoye. Mai girkin ya gani, ya matso, ya lasa a yatsa, ya yi tari har da hawaye, sannan ya roƙi a bar masa saura. Bawan Allah nan ba zai karanta wannan ba, amma mun gode masa. Bai nuna mana mun takura shi ba ko kaɗan, kuma da kansa ya hana ɗayanmu wani kayan zaƙi, ya ce ba na ku ba ne.

Abin da kowa ya yarda da shi ba gardama shi ne farin cuku mai laushi da ake haɗawa da tafarnuwa da albasa da ganyaye a shafa a burodi, sai kuma kek ɗin praline, almon da aka lulluɓe da sukari mai ruwan hoda. Zaƙinsa har ya so ya yi yawa. Yara kam sun fita da baki jajir.

Ƙanwata mai fassara, ke ma kin sha aiki. 'Yan uwanmu na Kano da Katsina da ba su daɗe da zuwa ba, duk ta bakinki suka ji gari. A kasuwar rufi ta Halles Paul Bocuse, wadda ke ɗauke da sunan shahararren mai girkin nan da ya rasu a 2018, ke kika tsaya kina karanta ƙananan rubutun jikin kwali ɗaya bayan ɗaya. Yayanmu har ya ciro kuɗi zai sayi koren alawar nan da ake kira coussin de Lyon don tsaraba, kika riƙe hannun rigarsa kika nuna masa cewa akwai barasa a cakulan ɗin ciki. Da yanzu tana kan hanyar Damagaram. A kasuwar nan muka ga kajin Bresse a jere da kawunansu da shuɗɗan ƙafafunsu, muka duba farashi, muka yi salati muka wuce. Ko da kuɗin ma, ba yankanmu ba ne.

Yawon gari kuwa, ma'ajinmu ne ya tsara, kuma ya iya. Yaya, mun san kuɗin karo-karon bai taka kara ya karya ba, amma ka sa ya isa. Jirgin ƙasa mai gudu ya sauke mu a tashar Part-Dieu cikin kamar awa 2, ka riga ka tanadi tikitin zirga-zirga na kowa. Mun hau ɗan jirgin da igiya ke ja zuwa kan tudun Fourvière, inda wata babbar majami'a take, kusa da tsohon dandalin wasan Rumawa, waɗanda suka kafa garin tun shekara 43 kafin haihuwar Annabi Isa. Daga can sama ana ganin kogunan biyu, Rhône da Saône, sun rungume tsakiyar birni. Da muka sauko tsohon gari ka tura wata ƙofa da kowa ya ɗauka ta gidan mutane ce, ashe hanya ce. Lunguna ne da ke ratsa cikin gidaje daga wannan titi su ɓulla wancan, traboules, kuma har yau da mutane a benayen, shi ya sa ka yi ta roƙon mu rage murya. Ba mu rage sosai ba, a yafe mana.

A tudun Croix-Rousse, unguwar masaƙan siliki, an nuna mana masaƙar Jacquard tana aiki. Kwalaye masu huji ne a jere suke gaya wa zare inda zai ɗaga da inda zai sauka, zane yana fitowa da kansa. Tsayinta ne ya sa rufin ɗakunan unguwar ya yi nisa haka. An ba mu labarin boren da masaƙan suka yi a 1831 saboda 'yan kasuwa sun karya musu kuɗin aiki. Ɗayanmu ɗan gidan masaƙa ne, da ƙyar muka ɓamɓare shi daga gaban injin.

Juma'a mun yi ta a babban masallacin Liyon da aka buɗe a 1994, daga nan muka leƙa gidan 'yan uwan nan Lumière, inda aka ɗauki hoton ma'aikata suna fitowa daga masana'anta a 1895, ɗaya daga cikin finafinan farko a duniya. Masu son fim sun ji daɗi, sauran mun zauna a lambu muna hutar da ƙafa.

Baba, kai ne ka dage sai mun je Chasselay, alhali ba ya cikin tsari, ka kuma nemo motoci da man aljihunka. Yawancinmu ba mu taɓa jin sunan ƙauyen ba. Yana arewa da birni, a cikin gonaki, sai kawai ka hango jan gini irin na ƙasashenmu na Sahel. Maƙabarta ce ta sojojin Afirka ta Yamma da suka yi wa Faransa yaƙi. A watan Yunin 1940, bayan sun miƙa wuya, sojojin Jamus suka ware baƙaƙe daga fararen hafsoshinsu suka harbe su. Ana kiransu 'yan Senegal, amma daga ƙasashe daban-daban na yankin aka ɗebo su, kuma wasu kaburburan ko suna babu. Ka ja mu muka yi musu addu'a. Mun gode Baba, Allah ya ƙara girma, ya ba ka lafiyar ƙafa.

Sauran godiya ta samarin da suka yi ta ɗaukar keken jariri a matattakalar Croix-Rousse ce, da matan da suka kwana suna soya cincin da dambun naman guzuri, da waɗanda ba su samu zuwa ba amma suka zuba nasu a asusu don ɗaliban da ba su da hali su je. Kun san kanku. Allah ya mayar muku da ninkinsa. Wanda muka ɓata wa rai a hanya, da jinkiri ko da baƙar magana ta gajiya, ya yafe mana don Allah.

Ma'aji zai karanta lissafin kuɗi a zama na gaba, akwai ɗan canji da ya rage. Masu hotuna ku turo su wuri ɗaya, ban da na matan da suka ce kada a yaɗa nasu. Akwai kuma baƙar lema da hular sanyi ta yaro da aka bari a gidan Inna, mai su ya yi magana.