Asabar a filin ƙwallon dawaki

Yau ne karon farko da na ga wanda nake so a bisa doki, yana wasan da ya tashi a cikinsa tun yana ƙarami. Ya daɗe yana roƙona in zo kallo ina jan ƙafa, domin na san filin polo, wato ƙwallon dawaki, wurin waɗanda suka gaji dawaki ne, ni kuwa 'yar malamin makaranta ce wadda ba ta taɓa riƙe linzami ba.

A rumfar baƙi aka ba ni kujera kusa da mahaifiyarsa. Na gaishe ta cikin ladabi, ta amsa da fara'a, ta ce, "Sannu 'yata, 'yar gidan wa ce ke?" Na faɗi sunan mahaifina da sana'arsa, ta gyaɗa kai, sai hira ta koma kan wata goɗiya da aka kawo daga Ajantina. Babu wanda ya wulaƙanta ni, dole in faɗi wannan tsakanina da Allah, amma babu ƙofar da zan bi in shiga zancen nasu.

Da zama ya ishe ni sai na zagaya inda aka ɗaure dawakin, kuma a can ne na fahimci wasan. Wani dattijo mai kula da bargarsu yana naɗe ƙafafun wata goɗiya da ƙyalle mai kauri, an aske mata geza, an tufke wutsiyarta don kada sanda ta sarƙe a ciki. Na ce, "Baba, me ya sa mutum ɗaya yake buƙatar dawaki da yawa haka?" Ya bayyana mini cewa kowane zagaye minti 7 ne na sukuwa da juyawa da tsayawa farat ɗaya, shi ya sa ake sauya doki idan zagaye ya ƙare. Kowane ɓangare mutum 4 ne, da hannun dama kaɗai ake riƙe sanda ko da mutum bahago ne, kuma babban laifi shi ne gitta wa wanda yake bin layin da ƙwallo take tafiya a kai, domin a nan ake karo mai muni. Sai ya ƙara da wani abu da ya tsaya mini a rai: kowane ɗan wasa yana da matsayi gwargwadon ƙwarewarsa, daga -2 zuwa 10, ana haɗa na kowane ɓangare, a ba wa masu rauni ƙwallaye tun kafin a fara. A wasa an samo hanyar daidaita mai ƙarfi da maras ƙarfi, amma tsakanin gidansu da namu babu alƙalin da zai yi wannan lissafi, mu biyu ne za mu yi shi da haƙuri.

Ƙungiyarsu ta sha kashi. Da ya sauko, gumi ya jiƙe masa riga, bai nufi rumfa ba tukuna. Da kansa ya sassauta majanyin sirdi, ya durƙusa ya shafa ƙafar goɗiyar daga gwiwa zuwa kofato yana neman kumburi, sannan ya gode wa dattijon nan kamar yadda ɗa ke gode wa uba. Na yarda cewa halin mutum yana fitowa ne a yadda yake bi da dabba da kuma wanda yake yi masa aiki, musamman a ranar da bai yi nasara ba, kuma abin da na gani ya fi duk alkawuran da ya taɓa yi mini nauyi.

Tsorona bai gushe ba. Wasan nan yana cin dukiya da lokaci, yana kuma da haɗarin faɗuwa, kuma duk wadda ta aure shi za ta raba shi da dawaki har tsufa. A hanyar dawowa ya nemi izinin zuwa gaida mahaifina. Na ce ya ba ni lokaci in fara yi wa Umma magana, kuma gobe da safe zan yi mata, in Allah ya yarda.