Jijiyar da ta ƙi lotsawa

Yau na raka ƙanwata asibiti a Gombe. Kwananta 12 da haihuwa, ƙafar hagu ta kumbura tun daga sharaɓa, ga zafi. Aka ce a yi mata sikanin, ni kuwa a sanina na masu ciki ne. Likitar ta shafa mata wani mai mai sanyi, ta ɗora kan na'urar a cinya, ta ce, "Hajiya, matso ki gani." A allo jijiyar jini ta fito kamar ɗan baƙin zobe. Ta danna ta ƙafar dama, zoben ya lotse ya rufe ruf. Ta koma bayan gwiwar hagu ta danna, ta sake dannawa, ya ƙi lotsawa. Ta ce jini ne ya daskare a ciki. Da ta kunna launi, ja da shuɗi masu nuna tafiyar jini na gudana a gefe, wurin nan kuwa babu motsi.

Nan jikina ya yi sanyi, don jiya da daddare ni na zauna ina murza mata ƙafar nan da man zafi, wai gajiyar jego ce. Likitar ta ce gudan jinin kan iya ɓallewa ya tafi huhu ya tare numfashi. An fara mata allurar tsinka jini, alhamdulillahi. Tun da muka dawo gida nake tuna irin ƙarfin da na sa wajen murzar nan.